Ciwon Bushiya da Gudummawar Ƙasashen Waje: Waiwaye a Kan Tarihin Cibiyar Vom ta Ƙasar Jos

1.0 Gabatarwa

A kudu da garin Jos, bayan an wuce Bukuru, akwai wani gari da ake kira Vom, wanda Birom masu ƙasar ke ce wa Vwang. A nan ne Cibiyar Binciken Cututtukan Dabbobi ta Ƙasa take tun daga shekarar 1924. Ba kasafai sunan wannan wuri ke fitowa ba idan ana zancen taimakon da ƙasashe masu hali ke bai wa marasa hali, domin hankalin jama'a ya fi karkata ga buhunan hatsi da barguna da ake rabawa bayan masifa ta riga ta auku. Amma kuwa da wuya a sami wani wuri a Arewacin Nijeriya da tarihinsa ya fi na Vom nuna yadda irin wannan taimako yake aiki, da kuma inda yake tsayawa. Manufar wannan maƙala ita ce ta bi diddigin yaƙin da aka yi da ciwon bushiya, watau annobar da ta fi kowace kashe shanu a ƙasar Hausa, tare da duba rawar da ƙasar Amurka da sauran masu ba da taimako suka taka, musamman daga 1962 zuwa ɓarkewar annobar 1983.

Kafin a shiga cikin tarihin, ya kamata a ɗan tsaya a kan kalmomi uku da kafofin watsa labarai ke cakuɗawa, alhali Bahaushe ya bambanta su. Agaji shi ne abin da ake kai wa wanda ruwa ya ci ko gobara ta kama, ba a jiran ya nema, ba a kuma tambayarsa me ya tanada. Gudummawa kuwa asalinta a fagen fama take, inda wani sarki kan tura dakaru su ƙarfafa wa wani. Daga nan ta shiga sha'anin biki da suna. Abin lura a nan shi ne, mai kai gudummawa ba shi ne mai yaƙin ba, ba kuma shi ne mai bikin ba. In taro ya watse gida zai koma, masu gida ne za su wanke tukwane. Ta ukun ita ce rigakafi, wadda aka gina daga riga da kafi, watau a riga abokin gaba a kafa shingen itatuwa a kewaye gari, kamar yadda sunayen Kafin Hausa da Kafin Madaki ke tunatarwa. Shi kafi ba a yin sa sau ɗaya a huta, gama gara tana cin itace, dole kowace shekara a duba inda ya ruɓe a sake. Abin da ya faru da shanun Arewa tsakanin 1962 da 1983 labari ne na kafin da aka yi da gudummawa, aka kuma rasa mai duba shi bayan baƙi sun tafi.

2.0 Annobar Sannu da Kafuwar Vom

Ciwon bushiya, wanda Fulani ke kira pettu, ƙwayar cuta ce ke kawo shi, irin wadda take dangin ta ƙyanda. Yakan fara da zazzaɓi, sai hawaye da majina, sai gyambo ya feso a baki har dabba ta kasa kiwo, daga nan sai zawo mai tsanani, cikin mako guda zuwa biyu ta faɗi. Idan ya shiga garken da bai taɓa haɗuwa da shi ba, yakan kashe takwas ko tara daga cikin kowane goma. Wadda ta tsira kuwa ta tsira ke nan, ba ya sake kama ta har ta mutu. A kan wannan siffa ta ƙarshe aka gina duk wata dabarar yaƙi da shi.

Babbar annobar da ta girgiza Afirka ta shigo ne a 1887 ta tashar jiragen ruwa ta Masawa a gaɓar Bahar Maliya, tare da shanun da aka kawo don ciyar da sojojin Italiya. Daga Habasha ta bazu, wani reshe ya yi kudu har ya kai ƙarshen nahiyar wajen 1897, wani ya yi yamma ta Sudan da yankin Tafkin Cadi. Hafsan sojan Faransa Monteil, wanda ya ratsa Sakkwato da Kano a 1891, ya ba da labarin irin ɓarnar da ya tarar a kan hanyarsa. Makiyaya sun laƙaba wa wannan annoba suna Sannu, saboda ba abin da ya rage a ce wa mutumin da ya kwana da garke ya tashi da sanda sai wannan kalma ta jaje. Ba dukiya kaɗai ta tafi ba. Bafulatanin da ba shi da saniya ya rasa abin sadaki da abin gado da abin da zai nuna shi wane ne, shi ya sa da yawa suka zauna suka kama noma, waɗansu suka zama masu kiwon shanun wasu.

Turawan mulkin mallaka sun tarar da ƙasar tana farfaɗowa daga wannan masifa, cutar kuma tana komowa lokaci-lokaci. Ba don tausayi kaɗai suka damu da ita ba. Jangali yana cikin manyan hanyoyin samun kuɗin baitulmalin En'e, fatu da ƙiraga kuma suna cikin kayan da ake fitarwa zuwa Turai, saboda haka mutuwar saniya asara ce ga hukuma kai tsaye. An fara kafa sashen kula da lafiyar dabbobi a Zariya gab da Yaƙin Duniya na Ɗaya, sa'an nan aka mayar da shi Vom a 1924. Dalilin zaɓen wurin a fili yake. Dabarar wancan zamani tana bukatar a tara shanu masu yawa a riƙa ɗibar jininsu ana tace ruwan da ke ɗauke da kariya, wannan kuwa ba ya yiwuwa a inda ƙudan tsando ke sa wa shanu sammore. Tudun Jos ya haura mita 1,200, ga sanyi, ga ƙarancin wannan ƙuda, ga kuma jirgin ƙasan da haƙar kuza ta jawo daga Zariya zuwa Bukuru.

Yadda ake hujin shanu a farko ya cancanci a bayyana shi, domin daga nan ne rashin yardar makiyaya ya samo tushe. Akan kai garke wani sansani, a yi wa kowace dabba allura biyu a lokaci guda: ɗaya ta jinin da ke ɗauke da cutar da ranta, ɗaya ta ruwan jinin dabbar da ta warke. Nufin shi ne cutar ta kama ta sama-sama ta warke. Sai dai akan tsare shanu makonni a wuri guda, waɗansu su mutu, waɗansu su kwashi wata cutar daga jinin da aka sa musu. Daɗin daɗawa, wanda ya kai shanunsa sansani ya bayyana yawansu ke nan ga hukumar da ke karɓar jangali. Ba wauta ba ce ta sa makiyayi ya raba garkensa biyu, ya kai rabi ya ɓoye rabi a daji, lissafi ne. A shekarun 1940 aka koma amfani da ƙwayar da aka raunana ta hanyar bi da ita cikin awaki, dabarar da aka fara a Indiya, wadda ta fi sauƙi da arha, ko da yake ita ma takan kwantar da dabba, ta kuma fi ƙarfin ƙananan shanu marasa tozo irin muturu.

A wannan zamani ne aka fara jin abin da ake kira taimakon raya ƙasa. Majalisar Ingila ta yi dokar raya ƙasashen da take mulka a 1940, ta faɗaɗa ta a 1945, aka tsara wa Nijeriya shirin shekara goma a 1946 na fam miliyan 55, wanda fam miliyan 23 daga cikinsu daga Ingila za su fito. Daga wannan asusu aka tallafa wajen kafa cibiyar binciken ciwon barci da sammore ta Afirka ta Yamma a Kaduna, mai reshe a Vom. Ko ya dace a kira wannan kuɗi kyauta, magana ce mai tsawo, tun da a daidai lokacin rarar kuɗin gyaɗa da auduga da koko da hukumomin sayen amfanin gona suka tara tana ajiye a Landan.

3.0 Shigowar Amurka

Shekarar 1961 ta haɗa abubuwa uku da suka sauya al'amarin. Na farko, a Kano aka yi taron shugabannin ma'aikatun dabbobi na ƙasashen yankin, inda aka yarda cewa ba wata ƙasa da za ta iya kawar da bushiya ita kaɗai. Saniyar da ta yi damina a Damagaram tana iya yin rani a Hadeja, ta ƙare a mayankar Legas, ba ruwanta da iyakar da Ingila da Faransa suka shata. Na biyu, an sami sabuwar allura. Wani likitan dabbobi Baturen Ingila mai suna Walter Plowright, yana aiki a Muguga ta ƙasar Kenya, ya raunana ƙwayar ta hanyar rainonta cikin ƙwayoyin ƙodar ɗan maraƙi a kwalba, har ta zama ba ta kwantar da kowace irin saniya, allura guda kuma tana ba da kariya har mutuwa. Na uku, gwamnatin Shugaba Kennedy ta kafa hukumar USAID a watan Nuwamba, ta kuma yi wa Nijeriya alkawarin dala miliyan 225 don shirinta na raya ƙasa na 1962 zuwa 1968.

Ba a ɓoye dalilin wannan karamci ba. Zamanin yaƙin cacar baki ne, Amurka tana neman ƙasar da za ta nuna wa sauran Afirka a ce ga abin da ake samu in an bi tafarkinta maimakon na Tarayyar Sobiyat, Nijeriya ta Abubakar Tafawa Ɓalewa kuwa ta fi kowace cika wannan siffa, ga yawan jama'a, ga majalisa, ga gwamnati mai sanyin hali ga Yamma. Wannan ba ya rage darajar abin da aka yi, sai dai yana bayyana dalilin da ya sa taimakon ya zo da wa'adi. Bukatar mai bayarwa ce ta buɗe hannunsa, ranar da bukatar ta sauya hannun zai rufe.

Shirin da aka haifa a Kano shi ne aka sani da JP15, aka kuma fara shi a ƙarshen 1962 a ƙasashe huɗu da ke kewaye da Tafkin Cadi, watau Nijeriya da Nijar da Cadi da Kamaru. Asusun raya ƙasashe na Tarayyar Kasuwancin Turai ya ɗauki nauyin ƙasashe ukun da Faransa ta raina, Amurka ta ɗauki na Nijeriya, domin ita ba ta cikin yarjejeniyar da ta haɗa waɗancan da Turai. Kuɗin baƙi ya tafi ne ga abin da sai an sayo daga waje: motoci, da firjin kananzir, da akwatunan ƙanƙara, da sirinji, da na'urorin busar da allura. Albashin malaman dabbobi da leburori kuwa daga gwamnatin Jihar Arewa da baitulmalin En'e ya fito. Allurar da aka yi wa shanun Nijeriya a Vom aka haɗa ta, kamar yadda ɗakin bincike na Farsha da ke Fort Lamy, wato Njamena ta yanzu, da na Dakar suka wadata maƙwabta.

Tsarin aikin ba shi da sarƙaƙiya. Za a yi wa kowace saniya allura sau ɗaya a shekara, shekara uku a jere, kyauta, a kuma huda mata kunne a kowane zagaye don a gane wadda aka yi wa. Wahalar tana wajen sanyi. Busasshiyar allurar takan lalace in ta ji zafi, da zarar an dama ta da ruwa kuwa 'yan sa'o'i kaɗan take da su. Ke nan kwalbar da ta bar Vom dole ta isa mashayar shanu a Borno ko Sakkwato ba tare da ƙanƙara ta narke mata a hanya ba, a cikin watan Maris ko Afrilu. Masu lura da tarihin wannan aiki sukan yabi masanan da suka ƙirƙiro allurar, ba su cika tunawa da direban da ya kwana yana gyaran lagwanin firji ba, ko arɗon da ya sa baki mutanensa suka fito da shanun da suka saba ɓoyewa.

Shirin ya ci gaba mataki-mataki, ya yi yamma har Senegal da Muritaniya kafin ƙarshen shekarun 1960, sa'an nan ya koma Gabashin Afirka, ya ƙare a 1976 bayan ya ratsa ƙasashe 22. A Nijeriya sakamakon ya bayyana da wuri. Ɓarkewar da a da ake lissafa ta da ɗaruruwa a shekara ta ragu ƙwarai, kafin tsakiyar shekarun 1970 an daina jin ɗuriyarta. A gefe guda kuma Amurka ta haɗa Jami'ar Jihar Kansas da Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya wajen kafa tsangayar likitancin dabbobi a tsakiyar shekarun 1960, wadda ta yaye da yawa daga cikin waɗanda daga baya suka riƙe Vom da ma'aikatun jihohi. Idan ana neman ɓangaren taimakon da ya fi daɗewa yana amfani, to wannan ne, domin mota takan tsufa ta mutu, amma malami yakan yaye malami.

4.0 Maruƙan da Ba a Huda Ba

Waɗanda suka tsara JP15 ba su jahilci rauninsa ba. Sun san cewa ɗan maraƙi yana samun kariya daga dakashin uwarsa, kariyar da kan ɗauki watanni kafin ta gushe, wadda kuma takan hana allura kama shi in an yi masa da wuri. Saboda haka kowace shekara akwai sabon rukunin maruƙa da ke fitowa fili ba kariya. An rubuta a cikin yarjejeniya cewa bayan shekaru ukun, kowace ƙasa za ta ci gaba da yi wa maruƙanta allura duk shekara da kuɗinta, ta kuma riƙa sa ido a kan iyakoki da burtalai da kasuwannin shanu. Ƙasashen duk sun sa hannu. Kaɗan ne suka cika yadda ya kamata.

A Nijeriya abubuwa da dama suka taru. Ma'aikatar dabbobi ta Jihar Arewa, wadda a da umarni guda daga Kaduna ke motsa ta daga Argungu zuwa Gamboru, an rarraba ta ga jihohi shida bayan 1967, suka zama goma a 1976, kowace da kasafinta da abin da ta fi bai wa muhimmanci. Yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970 ya janye hankali da kuɗi. Bayansa sai arzikin man fetur ya zo, Amurka ta ga cewa Nijeriya ta wuce matsayin mai karɓar taimako, ta naɗe mafi yawan ayyukanta a shekarun 1970. A bisa gaskiya ba za a ga laifinta a nan ba, gama kuɗi akwai su. Abin da babu shi ne wanda zai tsaya a majalisar zartarwa ya nemi kuɗin kananzir da tayoyi don yaƙar cutar da ba wanda ya gani shekara da shekaru. Sabon gini ana buɗe shi da kakaki da 'yan jarida, amma ba a taɓa yanke ƙyallen annobar da ba ta zo ba. Su ma makiyaya, waɗanda a da tsoro ke kawo su wurin huji, sun daina ganin dalilin tafiyar kwana biyu da garke saboda ciwon da 'ya'yansu ba su san kamanninsa ba.

Ita kuwa cutar ba ta mutu ba. Ta laɓe a wurare biyu da allura ba ta game ba: yankin kan iyakar Mali da Muritaniya a yamma, da kudancin Sudan da sassan Habasha a gabas. Farin 1972 zuwa 1974 ya tarwatsa garkuna ya cuɗanya su a 'yan mashayun da suka rage. A 1980 ta ɓulla a ƙasar Sakkwato daga yamma. A farkon 1983 kuma wani nau'in da ya fi zafi ya shigo ta Dikwa a ƙasar Borno, bayan ya ratso Cadi wadda yaƙi ya rusa mata duk wani tsarin kula da dabbobi. Ya tarar da garkunan da mafi yawan dabbobinsu an haife su ne bayan an daina huji da gaske.

Lokacin bai yi daɗi ba ko kaɗan. Farashin mai ya faɗi, gwamnatin Shehu Shagari ta shiga tsuke bakin aljihu tun watan Afrilun 1982, kuɗin waje na sayen sinadarai da kayan gyaran na'urori ya yi wuya, ga zaɓe a gaba, ga kuma wani farin ya kunno kai. Makiyaya da suka ga mutuwa sai suka yi abin da kakanninsu suka yi, suka kora shanu suna gudu, waɗansu suka kai kasuwa suka karyar, ta haka cutar ta bi burtali da motocin dako ta watsu a ƙasa cikin 'yan watanni. Nan da nan kowace jiha ta juyo Vom tana neman allura, bukata ta ninka abin da cibiyar ke iya fitarwa, sai da aka shigo da ƙari daga ƙasashen waje, Hukumar Abinci da Aikin Gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya, FAO, ta kawo agajin gaggawa. Ƙiyasin da ya fi yawo a rubuce-rubucen masana shi ne shanu kimanin rabin miliyan suka mutu a Nijeriya, FAO kuma ta ƙiyasta asarar ƙasar, har da ta madara da haihuwa da ciniki, a kan dala biliyan 2. Masu bincike na Vom, musamman D. R. Nawathe da A. G. Lamorde, su ne suka rubuta wa duniya bayanin yadda abin ya faru. Duk wanda ya kwatanta wannan asara da kuɗin yi wa maruƙa allura na shekara goma zai ga cewa ba a taɓa yin tsimi mai tsada irin wannan ba.

5.0 Bayan 1983

Zagaye na biyu ya fara a 1986 da wani shiri na nahiyar baki ɗaya da ake kira PARC, a ƙarƙashin ofishin dabbobi na Ƙungiyar Haɗin Kan Afirka da ke Nairobi, mafi yawan kuɗinsa daga Tarayyar Turai. An koyi wasu darussa. An kafa cibiyar tantance ingancin allura, domin bincike ya nuna cewa da yawa daga cikin abin da ɗakunan binciken Afirka ke fitarwa bai kai mizani ba. An shiga ɗibar jinin shanu ana aunawa don a tabbatar allurar ta kama, maimakon dogaro da lissafin kawunan da ma'aikata suka ce sun huda. Sai dai taimakon ya zo da sharuɗɗan zamaninsa, zamanin gyaran tattalin arziki na Babangida: a rage hannun gwamnati, a bar wa likitoci masu zaman kansu fage, makiyayi ya riƙa biyan wani abu. Wannan ya yi aiki a kusa da birane, amma likitan da ya buɗe shago a Jos ko Kaduna kaji da karnuka suka fi kawo masa ciniki, ba garken da ke bayan dutse ba.

An ga bushiya ta ƙarshe a Nijeriya a 1987. Gudummawar Amurka a wannan zagaye ƙarama ce a kuɗi, babba a tasiri. Da tallafin USAID ne Jeffrey Mariner na Jami'ar Tufts da abokan aikinsa suka gyara hanyar busar da allurar Plowright wajen 1990, ta zama tana jure wata guda ba firji. Da ita aka shiga kudancin Sudan da ƙasar Afar ta Habasha, aka koya wa makiyaya da kansu yin allurar, suka kai ta inda mota ba ta zuwa. An ga cutar a karo na ƙarshe a duniya a 2001 a jikin ɓauna a gandun dajin Meru na Kenya, a 2011 kuma aka yi shelar kawar da ita, ta zama cuta ta biyu da ɗan Adam ya shafe bayan agana. Tun da an daina allurar, yau babu saniyar da ke da kariya daga bushiya a ko'ina, shi ya sa aka tanadi allurar ko-ta-kwana ta Afirka a cibiyar Tarayyar Afirka da ke Bishoftu a Habasha.

Vom ba ta rasa aiki ba. A watan Fabrairun 2006 aka tabbatar da murar tsuntsaye nau'in H5N1 a wata gonar kaji a Jaji ta Jihar Kaduna, karo na farko a nahiyar Afirka. Vom ce ta fara gwajin, amma sai da aka aika da samfur Padoba ta Italiya kafin a tabbatar. Nan take taimako ya sake kwararowa, Bankin Duniya ya ba da rancen dala miliyan 50, ƙasashe suka kawo na'urori da horo. Mai lura zai ga cewa saurin wannan taimako ya dace da girman tsoron da Turai da Amurka suke yi na kada cutar ta isa gare su, alhali ciwon huhu na shanu, wanda ya daɗe yana cin garkunan Arewa amma ba ya barazana ga kowa a ƙetare, bai taɓa samun irin wannan gata ba. Duk da haka kayan da aka kawo sun yi rana, domin a 2020 ɗakin binciken Vom yana cikin waɗanda aka yi gwajin cutar korona ta mutane a cikinsu.

Akwai kuma abin da ya fita daga Nijeriya zuwa duniya, wanda masu lissafin taimako ba sa sawa a ma'auni. Bushiya tana da 'yar'uwa mai kama awaki da tumaki, wadda masana ke kira PPR. Ƙwayar da aka samo daga wata akuya a Nijeriya a 1975, ita ce Adama Diallo, masani ɗan Afirka ta Yamma, da abokan aikinsa suka raunana a wani ɗakin bincike a Faransa a ƙarshen shekarun 1980. Allurar da aka samu tana ɗauke da sunan Nijeriya 75/1 har yau, da ita ake yi wa awaki rigakafi a mafi yawan ƙasashen Afirka da Gabas ta Tsakiya, Vom ma tana cikin masu haɗa ta. A taron Abijan na 2015 aka ɗauki alkawarin kawar da wannan cuta daga duniya kafin ƙarshen 2030.

Sai dai yanayin da za a yi wannan yaƙi a ciki ya bambanta da na 1962. A watan Janairun 2025 Shugaba Trump ya dakatar da taimakon ƙasashen waje, a ranar 1 ga Yuli na shekarar kuma aka rufe USAID, aka mayar da ragowar ayyukanta ma'aikatar harkokin waje, bayan shekara 63 da kafa ta. A gida kuma, gwamnatin tarayya ta ƙirƙiro ma'aikatar bunƙasa kiwo mai zaman kanta a watan Yulin 2024. Akuya ba saniya ba ce: takan haihu tun ba ta daɗe da cika shekara ba, sau da yawa tagwaye, ana kuma yanka ta ko a sayar da ita da wuri, don haka garken da aka yi wa allura bana, cikin shekara biyu ko uku yawancinsa sababbi ne. Mafi yawan awakin nan kuwa ba a rugage suke ba, suna ɗaure ne a turakun matan aure a cikin gidaje, daga Unguwar Rogo ta Jos har ƙauyukan Daura, inda malamin dabbobi namiji ba ya shiga sai da iznin maigida.